Ringit Tamanin ɗin da Na Ƙi Biya

Zuwa ga Manajan kamfanin inshorar motata,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa, da fatan annobar nan ta bar ku lafiya. Ni ɗalibi ne daga Katsina da karatu ya kawo ƙasarku, ina zaune a unguwar Wangsa Maju. Motar da nake kuka a kanta, sarƙar gwal ɗin matata Hadiza aka sayar aka saye ta, kuma har yau jira take ku biya.

Na ɗaya. A Yulin 2021, ana tsakiyar kullen annoba, ma'aikaciyarku ta kira ni kan sabunta inshora. Ta bayyana min iri biyu: ƙarama, mai biyan wanda na buge kawai, da cikakkiya, mai haɗawa da tawa motar, da gobara da sata. Ta ce girman inji, shekarun mota da daɗewa ba haɗari su ke yanka kuɗin. Na zaɓi cikakkiya ina hura hanci.

Na biyu. Ta ce ta ambaliya daban ake sayenta, ringit tamanin a kuɗinku na nan. Nan fa jinin kasuwa ya motsa. A garinmu ko goro ba a saye sai an yi tayi. Kuma mutumin da ya tashi inda ake fita roƙon ruwa, wai shi za a sayar wa tsoron ruwa! Na ce a cire. Sau biyu baiwar Allah ta tambaye ni ko na tabbata.

Na uku. A Disamba na ajiye motar a wurin ajiya na ƙarƙashin ƙasa kusa da unguwar Kampung Baru, don kada ruwan sama ya ɓata wankin da na yi mata. Aka kwana ana tafka ruwa. Da aka janyo ta, laka har cikin rediyo. Kuka aiko min wasiƙa mai ladabi cewa ko sisi ba za ku biya ba. Wallahi gaskiyarku ce. Na cusa wasiƙar cikin kundin bincikena, inda na san ba mai buɗewa.

Roƙona biyu ne. Ku daina kiran abin cikakkiya haka kawai. Duk baƙon da ya ce a cire ambaliya, ku nuna masa hoton motata, na yarda.

Sannan ku yafe wa Hadiza. Wata uku ke nan tana kai ƙararku wajen Allah bayan kowace sallah, ni kuma ina gefe ina cewa amin. Na kasa faɗa mata a ɗaki cewa ni na ce a cire ambaliyar, don haka na kai wasiƙar nan jarida, a nan za ta karanta tare da kowa.

Allah ya ƙara muku kasuwa, ya kare ku daga alhakin da ba naku ba. Ni kuma ku sa ni a addu'a.

Wassalam.

Naku,
Sanusi mijin Hadiza, Wangsa Maju