Fitilun da Na Kunna wa Baƙinku a Salaga

Zuwa ga Shugaban Sashen Nazarin Taurari na Jami'a,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Ranka ya daɗe, sunana Alhaji Mumuni, ɗan kasuwar doya a Salaga. Ni ne mutumin da ka yi maganarsa a rediyo ba tare da ka kira suna ba. Ba ka buƙatar kiran suna. Daga Salaga har Yendi da Bawku kowa ya san a filin wa aka kafa madubin hangen taurarinku.

Karatuna bai wuce sakandare ba. Da dakon doya na fara, yau motocina ke kai ta kudu. Ban taɓa sunkuyar da kai a kasuwa ba sai bana, don haka ka yi haƙuri ka ji nawa ɓangaren.

Na farko. Jami'inku da ya kira ni ya ce manyan malamai za su zo duba wani abu a sama bayan sallar isha'i. Na tambaye shi me suke buƙata. Ya ce fili mai faɗi da mai gadi. Na sake tambaya, ya ce shi ke nan. Bai ambaci duhu ba ko sau ɗaya.

A zangonmu, wato unguwar Hausawa, ba a barin baƙo a cikin duhu. Ko falke ne ya sauka da buhunsa, sai an kai masa fitila kafin ruwa. To ina ga dakta daga jami'a, mace kuma, a filin lodin doya? Sai na ɗauko janareta, na sa aka ɗaura manyan fitilu a jikin motocina, na gayyaci Sarkin Zango da liman da surukina daga Yendi. Ban gaya wa mutanenku ba, don so nake su ga karamcin Salaga ba zato. Dattawa na isowa na ɗaga hannu, aka kunna. Fili ya zama kamar rana, haske ya shiga bakin madubin kai tsaye. Na ji Dakta Hawa, shugabar tawagar, tana kiran a kashe. Kafin a kai ga janareta, ta riga ta zauna a ƙasa ta dafe kai.

Na biyu. Sai bayan an watse, tana naɗe wayoyi, ta yi mini bayanin da ya kamata a yi mini tun farko, kuma da Hausa. Ta ce can nesa, inda zafin rana ba ya kaiwa, akwai wasu duwatsun ƙanƙara masu zagaya rana, waɗansunsu da zobe kewaye da su. Sun yi ƙanƙanta da nisa, madubi ba ya nuna zoben. Sai a jira ɗaya ya gifta gaban wani tauraro. Tauraron zai ɗan lumshe, ya dawo, ya ɓace, ya dawo, ya sake lumshewa. Lumshewar farko da ta ƙarshe su ne zoben. Na ce mata wato kamar kana kallon fitila a tsallaken titi, babur ya gifta, babbar mota ta gifta, wani babur ya biyo. Ta ce haka ne. Ta ce inuwar dutsen siririn layi take bi a doron ƙasa, a wannan daren ta kan Salaga ta bi, kuma duk abin bai kai tsawon alwala ba.

Ranka ya daɗe, na gane. Ban sha wahalar ganewa ba. Da an faɗa mini haka a waya, da ni da kaina zan bi gida gida in roƙa a kashe ƙwayayen lantarki.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. Ka ce a rediyo sauran wuraren da aka kafa madubi sun samu abin da aka je nema, amma a Salaga "mutanen wurin sun mayar da aikin kimiyya biki." Ba ka ce jami'inku bai yi bayani ba. Ba ka ce an yanka rago an ciyar da mutanenku ba. Tun ranar abokan cinikina na Bawku in sun kira ni sai su ce a ba su Alhaji Janareta. Surukina ya ce na taso shi daga Yendi ya zo kallon mace tana hawaye. Kunyar Sarkin Zango ta fi mini zafi, domin sunan garinsa aka ɓata, kuma ni na kawo shi wurin. Na daina zuwa kasuwar Yendi, sai dai in aika.

Dakta Hawa ta ce wata giftawar na nan tafe, kuma layin zai iya sake biyowa ta yankinmu. Yanzu ina jin an ce kun cire Salaga, wani gari za ku kai madubin.

Don haka ina roƙo. Ka koma rediyon nan ka faɗi cewa ba a gaya mana ana son duhu ba. Duk garin da za ku je, ku tura wanda zai zauna da dattawa ya yi musu bayani da harshensu. Sannan, in layin ya biyo ta kanmu, ku dawo Salaga. Ina da gona a bayan gari, babu gida kusa, babu sandar lantarki. Ba rumfa, ba kujeru, ba gayya. Zan ajiye motocina ranar ko da doya ta kwana a ƙasa. Ni kuma ba sai na leƙa madubin ba. A bar ni a bakin hanya, in tare duk wanda ya taho da fitila, ko da Sarkin Zango ne.

Allah ya ƙara maka basira, ya ba Dakta Hawa abin da ta rasa a filina, ya sa mu ji amsarka da alheri.

Wassalam.

Alhaji Mumuni Mai Doya,
Salaga.