Faifan Curtis Bai Shiga Wuta Ba

Akron, Ohio
23 ga Oktoba, 1984

Zuwa ga Yayana Wendell,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ina roƙon Ubangiji ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya tsare ka a bakin aikinka na soja, ya sa ka gama wa'adinka a Jamus ka dawo mana da ƙafafunka. Hoton da ka aiko ya iso. Matarka Anti Loretta ta yi kyau, 'yarku Opal kuwa hancinka ta ɗauko, sai dai mu taya ta da addu'a. A nan sanyi ya fara shigowa, ganyaye duk sun zube. Hawan jinin Mama ya sauka tun da ta rage gishiri. Baba har yanzu bai samu aiki ba, yana dai gyara wa maƙwabta injin yankan ciyawa a gareji, sai ya wuni bai ce wa kowa uffan ba. Inna Verna, 'yar'uwar Mama, gwiwa ce ke damunta, amma bakinta lafiya lau. Idan ka juya ambulan za ka ga adireshinta ne a jiki, ba na gida ba. Dalilin da ya sa na zauna rubuta maka ke nan, don gara ka ji daga bakina kafin wani ya kawo maka labarin a karkace.

Maganar ajiyarka ce. Ranar da za ka koma bayan jana'izar ƙaninmu Curtis, ka ja ni ɗakin ƙasa, ka nuna min akwatin faya-fayan da kuka tara kai da shi, ka ce in riƙe har ka dawo, kada in bar kowa ya taɓa. Arba'in da uku ka bar min. Yau saura talatin da ɗaya, kuma zan gaya maka inda sauran suka tafi, ba zan rage komai ba.

A watan Yuni aka kawo wa cocinmu sabon fasto mai suna Hargis, dogon mutum mai murya kamar ta mai gwanjo. Tun zuwansa ya sa kiɗan samari a gaba, musamman irin namu mai sauri da ihu da ake kira hadko pank, wanda ya ce ba waƙa ba ce, haushin karnukan Shaiɗan ne. Da farko ban damu ba, don mun saba jin wanda ya fi haka daga direbobin bas. Sai ya fara jawo Curtis cikin wa'azinsa. Ba ya kiran suna, sai ya ce wani yaro na cikinmu da aka binne a watan Fabrairu, wai wa ya san abin da wannan kiɗa ya zuba masa a kai kafin motarsa ta bar kan gada. Ka gane inda ya dosa. Yaron da ya tashi da sassafe, ya ari rigar Baba mai kwala, ya kama hanyar Cleveland don an ce ana ɗaukar ma'aikata, ƙanƙara ta kwashe masa taya, shi ne yanzu ake raɗe-raɗin wai da gangan ya yi. Mama sai ta dawo daga coci ta zauna a kicin da jakarta a cinya tana kallon bango. Daga baya fasto ya sanar cewa ranar Asabar za a tsarkake gidaje, kowa ya kawo abin da 'ya'yansa ke saurare a ƙona.

Ranar ina wurin aiki a gidan wanki, ina ninke zannuwan gado, Inna Verna ta bugo waya ta ce, "Darlene, ajiye tsumman mutane ki taho, uwarki ta ɗauko akwatin nan, ubanki ya sa a mota." Ko rigar aiki ban cire ba. Na kira Rhonda, ka tuna ta, mai buga ganguna a ƙungiyar su Curtis, Tsatsa, wadda ka ce tana dukan ganga kamar ganga ta zagi uwarta. Ta zo da tsohuwar motar kayanta mai ƙofa ɗaure da igiya, muka kama hanya, ba ta tsaya a jar wuta ko ɗaya ba.

Mun tarar da mutum kamar sittin a filin ajiye motoci na coci. Duro biyu na ƙarfe suna ci da wuta, hayaƙi baƙi mai warin roba ya turnuƙe, ga mata sun jera kofi da kek a kan tebur kamar ana biki. Akwatinka yana gefen ƙafar fasto. Sai ya zaro ɗaya, ya karanta sunan da ƙarfi, jama'a su ce amin, ya jefa. Ina sauka daga mota na hango faifan ƙungiyar Ruwan Guba a hannunsa. Yaya, ka yi haƙuri, ban kai ba. Na san abin da wannan faifai yake a wurinka. Na tuna ranar da kuka tafi Youngstown cikin dusar ƙanƙara don ku karɓe shi daga hannun mawaƙin da kansa, kuka dawo kuna rawar ɗari, kuka sa shi sau bakwai a jere har Baba ya buga bene da sandar tsintsiya. Waƙa tara cikin minti takwas, ɗari biyu kacal aka buga, kowane bango da hannu suka manna. A kan idona ya lanƙwashe ya nutse. Kafin shi an riga an ƙona faifan ƙungiyar Ba Aiki na farko, da jan faifan nan na Karnukan Barberton, da wasu tara.

Na gaba da ya zaro na Tsatsa ne, faifai ɗaya tilo da Curtis ya yi a duniya, da zanen da na yi musu a bango, ƙofar masana'antar taya da kwaɗo a jiki. Ya ɗaga shi sama ya ce ga abin da ya cinye ɗan gidan Caudill. Ban san lokacin da na isa gabansa ba, sai dai na ga hannuna a gefe ɗaya na faifan, nasa a ɗaya gefen. Ya sassauta murya ya ce, "'Yata, saki, ke ma cetonki muke nema." Na ce masa ni ba 'yarsa ba ce, ga ubana can tsaye. Na tambaye shi ko ya taɓa sauraron abin da ke ciki. Ya ce kunnensa ya fi ƙarfin ƙazanta. Na ce to tun da bai ji ba, bari in faɗa masa.

Na juya wajen jama'a. Rabin mazan wurin tare da Baba aka sallame su daga masana'antar taya. Ban yi ihu ba, na faɗi baitin waƙar farko da muryata ta yau da kullum: shekara ashirin da biyu babana yana gina muku taya, hannunsa ya yi baƙin da sabulu ba ya fitarwa, ranar Juma'a kuka ba shi kwaɗo a ƙofa, to ku gaya min wa ya yi zunubi. Na ce wannan ce ƙazantar. Na ce yaron da ya rubuta wannan neman aiki ya tafi, ba neman mutuwa ba, kuma duk wanda ke da shakka ya zo in nuna masa takardar 'yan sanda. Wani tsoho a baya ya cire hularsa. Sai wata mata daga wajen tebur ta ce a ji marar kunya, wai ko askin 'yan pank da ke kaina ya isa shaida. Rhonda ta ce mata, "Iya, koma kan kek ɗinki, ƙuda sun fara yi miki ɗanɗano." Wasu suka yi dariya suka haɗiye.

Ina ganin dariyar ce ta ɓata wa fasto rai, don ya fizga da ƙarfi. Bangon ya tafi a hannunsa, faifan ya sulɓe ya faɗa bakin duron, rabi ciki rabi waje. Na sa hannu na ɗauko. Ban ji zafi ba sai da muka shiga mota. Rhonda ta sungumi akwatin ta ɗora a kafaɗa, muka ratsa ta tsakiyarsu, babu wanda ya tare mu. Na wuce ta gaban Baba, yana kallon takalminsa. Mama ta rufe baki da hannu biyu.

Da yamma Baba ya kira ni gareji. Tun rasuwar Curtis bai yi min magana mai tsawon wannan ba. Ya ce na tona masa asiri a gaban mutane, na mai da shi abin tausayi, shi kuwa bai taɓa roƙon kowa ya tausaya masa ba. Ya ce ko dai ranar Lahadi in tsaya gaban jama'a in ba fasto haƙuri, ko kuma in fitar da akwatin daga gidansa, in bi shi. Na ce masa shi dai ina ba shi haƙuri, har ga Allah ban so na taɓa zuciyarsa ba, kuma zan durƙusa masa idan yana so. Amma mutumin da ya ɗauki gawar ƙanina ya mai da ita kayan wa'azi, ba zai ji haƙuri daga bakina ba, ko wannan Lahadin ko wata. Ya juya ya ci gaba da kwance injinsa. Na haɗa kayana a jaka biyu.

Inna Verna ta shafa min magani, ta naɗe yatsu ukun da suka tashi, ta ba ni ɗakin ɗinkinta. Ta fito da garmahon marigayi mijinta, wanda tun da aka saye shi waƙoƙin yabo kaɗai ya sani. Na bi faya-fayan ɗaya bayan ɗaya ina gogewa. Na Ba Aiki na biyu yana nan, wanda nake gardama da kai cewa ya fi na farko, kuma yanzu ba ka da abin kafa hujja. Na 'yan matan nan na garin Kent, Layi Na Uku, yana nan, mai waƙar da jita ke katsewa a tsakiya mawaƙiyar ta ci gaba ita kaɗai don ba ta lura ba. Shi ne na fi so bayan na Curtis. Da na sa wa Inna shi ta ce wannan ba kiɗa ba ne, tukwane ne ke faɗa a kicin, sannan ta ce in ɗan ƙara sauti, ba ta jin abin da yarinyar ke cewa game da mai gidan haya. Na Tsatsa gefensa ya ɗan karkace, waƙar farko ta baya tana tsalle, amma sauran biyar ɗin lafiya lau.

Jiya Litinin da rana Mama ta zo, da tukunyar wake da burodin masara. Ta zauna a bakin gado ba ta cire kwat ba. Ta ce min ba don ta yarda da maganar fasto ta ba da akwatin ba, ta gaji ne da jin ana tauna ɗanta kowace Lahadi, ta zaci idan an ƙona za a bar shi ya kwanta. Na ce ba a bar shi ba, ɗaga shi sama aka yi. Sai ta nuna garmahon ta ce in sa. Ka san ba ta taɓa ji ba, kullum fita take idan suka fara. Na sa. Ta runtse ido kamar ana yi mata allura, da ya ƙare ta ce ko kalma ɗaya ba ta kama ba. Na ce in faɗa mata, ta ce a'a, in maimaita. A karo na uku ta ɗaga yatsa ta ce, "Mura yake yi ranar. Ji hancinsa a toshe. Na ce ya sa hula, bai ji ba." Na tambayi Rhonda daga baya, ta ce ƙwarai, a garejin da ba abin ɗumama ɗaki suka ɗauka, yana fyace hanci tsakanin waƙoƙi. Mama ta yi kuka, ni ma na yi, Inna ta shigo ta ce mu ci waken kafin ya huce. Da za ta tafi ta tsaya a ƙofa ta ce Baba bai aiko ta ba, amma ta ji yana faɗa wa injinsa cewa shekara ashirin da uku ne, ba da biyu ba, yaron ko lissafi bai iya ba.

Na san ka, Yaya. Za ka zauna ka rubuto cewa in yi haƙuri, in sassauta, iyaye iyaye ne. Kada ka ɓata kan sarki a kan wannan. Ina son Baba, kuma duk ranar da ya buɗe ƙofa zan koma, amma da akwatin zan koma, kuma ba ta gaban mumbarin Hargis zan bi ba. Idan kana jin haushin goma sha biyun da suka salwanta, ka zage ni, na karɓa. Na rubuta wa yaran Youngstown ko suna da ragowar ɗaya a ƙarƙashin gado. Ranar Lahadi mai zuwa da ƙarfe uku na rana akwai wasan kiɗa a zauren tsofaffin sojoji, ƙungiya huɗu, har da Tsatsa. Tsatsa ba su hau dandali ba tun Fabrairu. Rhonda ta ce in riƙe makirufo, tun da na nuna ina da baki. Na ce ban iya waƙa ba, ta ce shi ma Curtis bai iya ba. Na amsa. Da naɗaɗɗen hannu zan hau. Mama ta ce ba za ta shiga cikin masu turereniya ba, amma za ta tsaya a bakin ƙofa, kuma har ta sayi audugar da za ta toshe kunne.

Ka gaishe min da Anti Loretta, ka ce mata na gode da safar da ta saƙa. Ka sumbaci ƙaramar Opal a madadina. Inna Verna tana gaishe ka, ta ce ka daina aske kai kamar ƙwai. Mama tana gaishe ku duka, tana sa ku a addu'a. Baba kuwa ka rubuta masa da hannunka, takarda daban, kada ka ambace ni a ciki, ka dai tambaye shi lafiyarsa. Ubangiji ya tsare mana kai.

Ƙanwarka da ba ta ba da haƙuri ba,
Darlene Caudill