Dokta Zai Zo Ran Lahadi

Litinin, 5 ga Mayu

Dokta yana da rai.

Na rubuta, na sake karantawa. Saje, wanda muka yi aikin soja tare, shi ne ya bugo waya da hantsi ina tsakiyar shan shayi. Ko gaisawa bai bari mun gama ba ya ce, "Akawu, in kana tsaye ka zauna." Na ce a zaune nake, ina zan je? Ya ce da idonsa ya ga Dokta a layin karɓar magani, ɗansa na riƙe da hannunsa. Ashe tun bara ɗan ya ɗauko shi ya dawo da shi garin nan, mu kuwa muna ta sa shi cikin addu'ar waɗanda suka riga mu.

Za su zo ran Lahadi. Nan, ɗakina. Saje ya ce gidansa jikoki sun yi yawa, ba a jin magana, nawa kuwa ko ƙuda ya gifta sai an ji. Ban ji haushi ba. Gaskiya ya faɗa.

Talata, 6 ga Mayu

Na leƙa shagon Tela da ke jikin ɗakina na ba shi labari. Bai ko tsayar da keken ba, ya ce wane asibiti likitan yake aiki? Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Dokta ba likita ba ne. Kofur ne, mai jakar magani na rukuninmu a bakin daga. Amma babu wanda ya taɓa kiransa kofur, har kyaftin. Ni ma ai ba akawu ba ne, biro da nake yawo da shi a aljihu ya ja mini sunan.

Yaya zan fahimtar da Tela? In wuta ta buɗe, kowa ƙasa yake nema, ka manna fuskarka a laka kana fatan ƙasar ta haɗiye ka. Sai wani ya yi ihu, Dokta. Mutum ɗaya ne ke tashi a lokacin. Gajere, siriri, jakar ta kusa fin sa girma. Ba ma barin sa ya haƙa rami, ba ma barin sa ya ɗebo ruwa, in ana tafiya a tsakiyarmu yake. Kofin shayin farko nasa ne. Ba wanda ya kafa wannan doka, ba kuma wanda ya taɓa karya ta.

Ranar da ƙarfe ya shige mini cinya shi ya ja ni da bel ɗina har bayan wani gini. Yana ja yana zagina, wai me nake ci da na yi nauyi haka. Zagin nan ne ya hana ni suma.

Tela ya ce Allah sarki, ya ci gaba da ɗinki. Yaro ne.

Ƙafar ta ɗan dame ni yau. Ba wani abu ba ne.

Laraba, 7 ga Mayu

Na fito da kwat ɗina da baƙin takalmin nan mai igiya. Kwat ɗin ya yi mini yawa, kamar na aro.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ranar zuwan 'yata Auta. Ta zo da abinci da maganin suga, ta share, ta wanke kwanuka, ta yi faɗanta na kullum: ɗaki na nan a gidansu babu kowa, mijinta ma ya yi magana, ni kaɗai a nan in na faɗi wa zai sani. Na ba ta amsata ta kullum. A ɗakin nan uwarta ta cika, a nan nake.

Da na gaya mata zancen Dokta sai ta ajiye tsintsiya tana kallona. Wai rabon da ta ga haƙorana tun kafin rasuwar Mama.

Sai kuma ta fara shinshine-shinshine. Ta ce, "Baba, wani abu na wari a ɗakin nan." Na ce ɓera ne ya mutu a silin. Ta ce safa fa, a wannan zafin? Na ce tsufa ne, sanyi nake ji a ƙafa.

To, a nan dai zan iya rubuta gaskiya. Ƙusa na taka a bakin ƙofa, an kwana biyu. Ƙaramin ciwo, ban ma ji zafi ba sai da na ga jini. Ina wankewa da ruwan gishiri ina ɗaurewa. Bai rufe ba. Yanzu ƙaramin yatsan da na kusa da shi sun canza launi, ba na son kallonsu. In Auta ta gani asibiti za ta kai ni, na kuma san abin da ake yi wa mai suga a can. Mai gyaran rediyo na bakin titi da yatsa ɗaya ya shiga, ya fito babu ƙafa daga gwiwa. In aka yanke tawa shi ke nan, ɗakin nan ya fi ƙarfina, sai kwanciya a gidan suruki ana juya ni.

Bayan Lahadi zan duba lamarin. Ba yanzu ba.

Juma'a, 9 ga Mayu

Ina goge takalmi sai na tuna faretin ƙafa, na yi ta dariya ni kaɗai.

Duk inda muka yada zango bayan doguwar tafiya, kafin abinci, kafin komai, Dokta zai ce a jeru. Kowa ya zauna a ƙasa, ya cire takalmi da safa, ya miƙe ƙafafu. Shi kuma ya bi layi a tsugune, yana buɗa yatsu, yana dannawa da babban yatsansa, wani lokaci har ya shinshina. Wani sabon kyaftin da aka kawo mana ya tsaya gefe yana kallo, hannu a baya. Dokta ya ɗaga kai ya ce, ranka ya daɗe, kai a kan me kake tafiya? Mutumin ya zauna ya cire. Dokta yakan ce in ka yar da bindiga za a ba ka wata, amma bai taɓa ganin ƙafa a sito ba.

Kuma ba a yi masa ƙarya. Ka yi wa saje, ka yi wa kyaftin, ka yi wa matarka. Dokta dai a'a.

Shi ya sa zan sa takalmi mai rufi. Na gwada, na hagun ya ƙi shiga sai da na rage bandejin. Ya shiga. Na ga taurari, amma ya shiga. So nake ya same ni a tsaye kamar soja, ba tsoho mai wari ba.

Saje ya sake bugowa. Ya fara cewa in yi haƙuri, Dokta ba kamar da yake ba. Na ce wa ke kamar da? Na katse shi da zancen kujeru.

Asabar, 10 ga Mayu

Tela ya ara mini kujeru biyu, ya kuma rage mini kwat ɗin. Na sayi madara da biskit. Na yi aski. Jikina da ɗan zazzaɓi, ina jin ɗoki ne.

Ina ta shirya abin da zan fara ce masa. Ko in ce har yanzu ina da nauyi?

Talata, 13 ga Mayu

A gadon asibiti nake rubutu. Auta ta kawo mini littafin. Bari in bi abin daki-daki tun ban manta ba.

Sun iso Lahadi da la'asar a motar ɗan. Ni da Saje muka tsaya a bakin ƙofa, da aka fito da shi muka ƙame muka sara masa. Ban san bayana zai iya miƙewa haka ba. Ya ƙara ƙanƙancewa, kansa fari fat, amma idanun nan ne. Na ce, "Dokta, Akawu ne." Ya miƙo mini hannu cikin ladabi ya ce sannu malam, ya iyali. Kamar wanda ya haɗu da baƙo a tasha.

Ɗan ya matso ya gaya mini a hankali cewa mantuwa ce ta kama shi, shekara ta uku ke nan. Wani lokaci shi kansa ɗan sai ya tambaye shi ko shi wane ne. Abin da Saje ya so gaya mini ke nan na hana shi.

Muka zauna. Na ba da labarin bel, na ba da na kyaftin, Saje na ƙarawa da gishiri. Dokta na murmushi yana kallon labule. Ya tambayi ɗansa yaushe za a koma gida. Na tashi in haɗa shayi, don kada su ga fuskata.

Daga kujera zuwa teburin taku kaɗan ne, na kuma yi iya ƙoƙarina in taka daidai. Sai na ji daga bayana:

"Kai. Dawo nan."

Muryar ce. Ba ta tsohon da ya shigo ba, ta da. Na juyo. Ba labule yake kallo ba, ƙafata ta hagu yake kallo.

"Zauna. Cire."

Ban yi tunani ba, wallahi. Na ga kaina a ƙasa ina kwance igiya. Da na waiga sai ga Saje, da tumbinsa da sandarsa, shi ma ya zame daga kujera yana fama da nasa takalmin. Ɗan ya buɗe baki yana kallonmu.

Dokta ya sauko ya tsuguna. Mutumin da aka riƙo hannunsa daga mota. Hannayensa da ke karkarwa a kan cinya suka tsaya cak. Ya warware bandejin, warin ya cika ɗakin, ɗan ya kau da kai, shi ko gezau. Ya danna sama da ciwon, ya danna ƙwauri, ya tambaya ko ina ji. Ya taɓa wuyana da bayan hannu. Ya ce wa ya ɗaure wannan shirmen? Na ce ni ne, Dokta. Ya ce tun yaushe? Na gaya masa. Duka. Har ƙaryar ɓeran.

Ya juya wajen Saje ya ce, "Wannan ba zai yi tafiya ba. A kai shi baya. Yau."

Na fara cewa gobe da safe, in na kira 'yata. Saje, ƙafa ɗaya da safa ɗaya babu, ya ce, "Akawu, a ina ka taɓa ganin an yi gardama da Dokta?"

Kafin mu fita sai da Dokta ya duba ƙafafun Saje. Ya ce ya yanke farce.

Su Tela ne suka ɗauke ni zuwa mota. Ina ta dariya, hawaye na zuba, ban san wanne ne ya fi yawa ba.

Laraba, 14 ga Mayu

Yatsu biyu suka tafi. Ƙafar tana nan. Ina ɗaga zanen gado ina leƙa ta kamar sabon jariri.

Likitar da ta yi aikin ta ce da na ƙara 'yan kwanaki da ba wannan maganar muke ba. Auta ta yi kuka, ta yi faɗa, ta sake kuka. Ta ce ita ta tambaya na yi mata ƙarya, wani tsoho da bai ma san sunana ba ya yi magana ɗaya na cire takalmi. Na ce ba za ki gane ba. Ta ce to Allah ya saka masa, ko ba ta gane ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Ɗan Dokta ya zo dubiya. Na daure na tambaye shi ko baban ya gane ni daga baya. Ya sunkuyar da kai. Ya ce a mota ma barci ya yi.

Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Amma ya ce washegari baban da kansa ya tashi, ya ci abinci sosai, yana ta tambaya ina yaransa, an duba su? Rabon da ya gan shi haka ya manta. Yana ta kame-kame, wai ko za mu riƙa leƙo shi in ba takura. Na ce takura? Na bugo wa Saje nan take. Cikin 'yan rukuninmu akwai Mai Bigila, akwai Direba, duk suna nan da rai. Mu huɗu mun isa layi. Saje ya ce shi fa sai ya sayi sababbin safa.

Lahadi, 25 ga Mayu

An sallame ni jiya. Ina gidan Auta, don nas ɗin da ke wanke ciwon ta fi kusa da nan, kuma gidan ɗan Dokta ba nisa. Na gaya musu sarai, sai ƙafar ta warke kawai.

Gidan da hayaniya. Jikokin ba sa rufe ƙofa, surukina kuma da surutu a kan ƙwallo. Da safe na ji kaina ina yi masa gardama a kan wasan da ban ma kalla ba.

Ɗazu Auta ta leƙo ta ce mai mota zai bi ta unguwarmu gobe, ko akwai abin da za a ɗauko mini. Na ce tabarau na karatu. Ta juya za ta fita na ce a haɗo da gadona.

Katifar nan ce ba ta yi wa bayana daɗi ba.