Ƙofar Rumbun Baba

Yaya Usmanu,

Assalamu alaikum. Ya Sakkwato, ya iyali, ya ciwon gwiwar? Mu nan garin Abu Na'ama sai godiya.

Na ji har yanzu kana fushi da 'yarka Halima saboda aikinta, wai masu binciken yanayi shisshigi suke yi cikin ilmin gaibu. Yaya, ba duba take yi ba. Abin da ya riga ya faru take aunawa.

Makon jiya ta zo. Na nuna mata ƙofar rumbun marigayi Baba, inda yake rubuta ranar ruwan shuka da ajami kowace shekara. Ta durƙusa tana kwafa tana hawaye, ta ce, "Baffa, ashe Kaka ya riga ni fara wannan aikin." Abokan bincikenta na Nijar da Najeriya za su haɗa ranakun da nasu, don manoma su daina asarar iri wajen shuka da wuri.

Da za ta tafi, ta tambaye ni ko kana ambatonta. Shi ya sa na rubuto maka.

In ruwan fari ya sauka wajenku bana, rubuta ranar a bango, ka ga ko akwai saɓo a ciki. Sannan ka kira ta, ka sa mata albarka.

A gaida kowa, a sa mu a addu'a.

Ƙaninka,
Sani