An tsallakar da 'yata aji, yanzu ta kasa tafiya gaba

Zuwa ga mai filin shawarwari,

Don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure, lokaci kuma yana ƙure mini. Ki sakaya sunana.

Ina da 'ya mai shekara takwas, tana wata firamare mai zaman kanta a bayan layinmu. Babanta Aku yake kiranta saboda surutu. Idan ta buɗe baki sai dai ka gaji ka bar mata ɗakin. Bara ta zo ta ɗaya a aji biyu, a taron rufe makaranta kuma ita aka tsayar ta kawo dogon jawabi da ka, babu gargada. Bayan taro shugabar makarantar ta kira mu ofis, ta ce zaunar da irin wannan yarinya a aji uku ɓata lokaci ne, a wuce da ita aji huɗu. Wai haka tsarinsu yake, duk shekara ana ɗaga masu ƙoƙari. Muka fito kamar mu zuba ruwa a ƙasa mu sha. Surukata ta bi dangi kaf da waya. Babanta ya manna hoton taron a shagonsa na gyaran firiji, duk wanda ya kawo gyara sai ya ji labarin kafin a duba masa kayansa.

Abin da ban sani ba, makarantar dama gaba take yi da littattafai. Wanda suke karantawa a aji huɗu, na aji biyar ne a wasu wurare, kuma da hakan suke tallata kansu. Ashe a aji uku ake koyar da lissafin sau, a can ne kuma ake fara sa yaro ya rubuta jimla da kansa. Ga Aku an dasa mata lissafin rabawa mai tsawo, ita ko sau shida ba ta sani ba. Na kama ta tana ƙirga yatsu a ƙarƙashin tebur, da na hannu suka ƙare ta sunkuya kan na ƙafa. Na yi dariya, daga baya na shiga kicin na yi hawaye. Tana iya haddace shafi guda, amma idan aka ce ta faɗi abin da ta fahimta sai ta zuba maka ido. Aikin gida kuwa, gogewa take yi tana sake gogewa har takardar ta huje.

Ba zan ce makaranta ba ta yi komai ba. Suna da wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakala da suke kira ɗakin tallafi, da malama guda mai haƙuri. Sai dai yara gareji suke ce masa, wai inda ake kai waɗanda suka lalace. Kuma lokacin fita wasa da lokacin zane ake ɗauke ta zuwa can, alhali zane ne kaɗai abin da ya rage mata da take so. Abincinta yadda na zuba haka yake dawowa. 'Yan ajin duk sun girme ta, jaririya suke kiranta. Yanzu kullum da safe ciwon ciki, amma ranar da babu makaranta garau take tashi. Gidan ya yi tsit, har maƙwabciyata ta tambaye ni ko mun kai Aku hutu ne.

Kwanaki malamar tallafin ta biyo ni daga bakin ƙofa har inda nake hawa mota. Ta ce yarinyar ba daƙiƙiya ba ce, rami aka tsallaka da ita, kuma ita ba za ta iya cike shekara guda a ɗan lokacin wasa ba. Shawararta a mayar da ita aji uku. Ta roƙe ni kada in ce daga bakinta na ji, domin shugaba ba ta son a mayar da yaron da aka ɗaga, wai yana ɓata sunan makaranta.

Na je wurin shugabar ban ambaci kowa ba. Ta yi murmushi ta ce, Maman Aku, mu nan ba mu san baya ba, a ƙara mata darasin ƙarshen mako kawai. Da na matsa, ta ce in ma za a yi wani canji, sai dai mu sanar kafin a tafi hutun wannan zango, ga shi hutun ya ƙarato. Babanta kuwa ko sauraro ba ya yi. Cewa yake 'yarsa ba mota ba ce da za a sa mata ribas, da wane ido zai kalli mutane? Ina fahimtarsa, shi bai samu ya gama firamare ba, abin yana ci masa rai har yau. Ga kuma ɗiyar ƙanwarsa a aji ukun, wadda Aku ta yi ta yi wa gorin ta wuce ta.

Ni dai na rasa sukuni. A kantin maganin da nake aiki, jiya mutum ya nemi maganin tari na miƙa masa na ciwon ido, ya ce Hajiya, ta ido zan yi tarin? In mayar da ita, ina tsoron in karya mata zuciya. In bar ta, ina kallonta tana narkewa. In faɗa wa babanta abin da malamar ta ce, na san shi, gobe zai dira a ofis da sunanta a baki. Yaya zan yi?

Uwa mai zullumi

*

'Yar'uwa,

Ki fara da ciwon cikin. Ki kai ta likita ya duba, kada zamanki a kantin magani ya sa ki yi ta gwada mata wannan da wancan. Ciwon da ke tashi ranar makaranta ya kwanta ranar hutu yakan zama na fargaba, amma ciwo ne na gaske, ba ƙarya take yi ba. Idan likita ya faɗi haka, kin samu shaidar da babanta zai saurara.

Sai batun ajin. Tsallake aji ba laifi ba ne a kan kansa, akwai yaran da yake yi wa amfani. Kuskuren makarantar shi ne ta auna 'yarki da hadda da tafin jama'a, ba ta gwada ta a kan darussan ajin da za ta tsallake ba. Manhaja kamar gini take, kowane layin bulo a kan na ƙasa yake zaune. Kuma tallafin da ke cinye wa yaro lokacin wasa da darasin da yake so, a idonsa horo ne, komai kyawun niyya. Ƙarin darasi a ƙarshen mako zai ƙara mata nauyi ne kawai.

Amma tsoronki da na maigidanki ba na banza ba ne. Mayar da yaro baya a gaban abokansa yana da ciwo, kuma in aka yi shi da gaggawa yakan bar tabo. Don haka kada a yanke hukunci da zato. Ki koma makarantar a wannan makon ki nemi a gwada ta a kan darussan aji uku, lissafi da karatu da rubutu, a natse, ba a gaban 'yan aji ba, kuma a nuna muku sakamakon ku biyu. Wannan haƙƙinki ne. Ba kya buƙatar ambaton malamar. Abin da kika gani da idonki a kan teburin gidanki ya isa hujja. Ta ba ki amana, makomar aikinta kuma tana hannunki, ki riƙe ko a wurin maigida.

In gwajin ya nuna giɓin kaɗan ne, ta zauna a aji huɗu bisa sharaɗi: a faɗa muku takamaiman abin da za a koya mata, a sauya lokacin tallafin a bar mata wasanta da zanenta, a rage aikin gida, a kuma tsawata wa masu tsokana. In kuwa ya nuna shekarar ce gaba ɗaya babu, kamar yadda wasiƙarki ta sa nake zato, to ta koma aji uku a farkon sabon zango. Idan shugaba ta ƙi gwajin, ko ta ƙi bin sakamakonsa, to ta nuna miki sunan makarantarta ne ya fi damunta, ba 'yarki ba. Ki nemi wata makaranta a lokacin hutu, inda yarinyar za ta shiga ajin sa'o'inta ba tare da kowa ya san tarihin ba.

Maigida kuma, kada ki tare shi da gardama. Ki roƙe shi ya zauna kusa da yarinyar ya yi aikin gida guda ɗaya da ita, ke ki tashi ki ba su wuri. Mutumin da rashin karatu ke ci wa rai ba zai so 'yarsa ta tsani makaranta ba. Bai gani ba ne tukuna. Dangi kuwa jimla ɗaya ta ishe su: mun ga ta yi ƙanƙanta da ajin. Za su yi maganarsu su gaji.

Kafin komai ya tabbata, ki zauna da yarinyar ki tambaye ta yadda take ji, ki yi shiru ki saurara. Ki gaya mata a fili cewa ba ita ta faɗi ba, manya ne suka yi sauri, kuma manya ne za su gyara. Kada ki ɗora mata zaɓin, ya fi ƙarfin shekarunta, amma kada ta ji labarin a bakin wani.

Asarar shekara guda a rayuwar mai shekara takwas ana iya cike ta. Yaron da ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi ba ya ganewa, wannan ne ake daɗewa ana neman dawo masa da ƙarfin gwiwa. Ki je makarantar kafin a rufe.

Allah ya ba ta lafiya, ya sanyaya miki zuciya, ya haɗa kanku a kan abin da ya fi mata alheri.