Malamai Uku da Agogo

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya Mama da yaranki? Ya ƙafar Baba?

Ni lafiya lau, karatun haɗa magunguna yana tafiya. Sai dai jarrabawar ƙarshe ta baki ce, malamai uku a gabana, agogo a kan tebur. Kin san in'inata. Amsar tana kaina, harshe ya ƙi, har lokaci ya cika. Karo na biyu ke nan.

Na roƙa a bar ni in rubuta, ko in haɗa maganin suna kallo. Suka ce haka tsarin yake. Da wane ido zan dawo gida hannu wofi?

Ki ce wa Mama ta sa ni a addu'a, kada ta ji haushin rashin kirana. Kin ga dai, a takarda ba na in'ina.

Ƙaninki