An Cire wa Bello Mari

Yaya Hassi,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina maigida da yara? Mu nan Argungu sai godiya.

'Yan kwamitin sa-kai masu tsaya wa masu taɓin hankali sun yi ta zarya daga Birnin Kebbi, har Baba ya yarda a cire wa ƙanenmu Bello marin da ke ƙafarsa. Shugabarsu da kanta ta kira maƙeri. Ta ce za su kai shi asibiti Sakkwato.

Amma Yaya, tafiyarsa ba ta sake ba. Har yau gajeren taku yake yi, kamar ƙarfen yana nan. Inna ta gani, ta shige ɗaki.

Ki sa shi cikin addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Kulu